Kalangun da Ba Ya Karɓar Sallama

Gara in faɗa da bakina tun kafin 'yan unguwa su riga ni: a wannan labari wawa guda ɗaya ne, kuma shi ne yake riƙe da alƙalamin nan. In kun ga wani harafi ya karkace ku yi haƙuri. Karatun bokona bai yi tsawon da zai dami kowa ba. Na shiga elemantare, na kai ajin da ake fara rubutu da tawada, sai mahaifina ya lura hannuna ya fi dacewa da wuƙa, ya janye ni zuwa kwata. Da ma hannun na fiɗa ne, rubutu aro yake yi.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma a ƙuruciyata na hau ƙaho. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A ɗauro bijimi da igiya gaba da baya, a fito da shi fili, makaɗa su matse kalangu a hammata, saurayi ya fito ya faɗa tsakanin ƙahonin nan ya rungume wuyan sa, sai dai a ga wanda zai fara gajiya. Kowane mahayi da takensa, wato 'yan kalmomin da kalangu yake faɗa da sunansa. Nawa cewa yake: ƙaho biyu, hannu biyu, wa zai saki? Dokar abin kuwa a bayyane take. In makaɗi ya sa takenka, sai ka amsa da kirari, ka yi abin da aka san ka da shi, ka ba shi kyauta, shi kuma ya sauke kiɗa. Wannan ita ce sallama. In ka yi duk wannan bai sauke ba, to yana gaya wa jama'a cewa ba ka yi komai ba tukuna. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da gwiwa ta fara ba ni shawara sai na bar wa samari shanu, na koma kilishi. Na kafa tebur a bakin titi nan Mandawari, ina yanka nama falle-falle, in shanya, in tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, in gasa. Ban taɓa rataya allo ba. Hancin mutane ne tallana.

A shekarun nan da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, gari ya cika da sababbin abubuwa. Bangon kowane gida ya sha fastar 'yan takara har ba ka gane launinsa na asali. Wayar hannu ta shigo, mai ita yana tsayawa a tsakiyar titi yana ihu don a san ya saya. Sai kuma wani matashin Alhaji ya buɗe kafe a wajen Ƙofar Na'isa. Da na ji sunan na ɗauka shayi ake sha. Ashe ɗaki ne mai sanyi, an jera kwamfutoci, mutane na zaune sun zuba wa gilashi ido kamar masu jiran a ga wata.

Mai kai ni wurin ita ce jikata. 'Yar fari ce ga babban ɗana, don haka tun da aka yaye ta aka miƙo mana ita, a ɗakin matata Hajiya ta tashi. Tsakanina da ita kuwa wasan jika da kaka ne tun tana rarrafe. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho. Ba ta taɓa wucewa ta gabana ba ta taɓa ni da magana ba. In na sa sabuwar hula ta ce an yi wa tsohuwar tukunya sabon murfi. In na yi tari ta ce janareta ya ƙi tashi. Ni ma ba na raga mata. Da haka muke gaisawa, da haka muke sallama.

Ta yi difloma a kan kwamfuta, ta dawo gida ta zauna tana jiran aiki, aikin kuma bai san hanyar lungunmu ba. Sai labari ya zo cewa mai kafen nan yana neman macen da za ta riƙa koya wa matan aure da 'yan mata kwamfuta da safe, ta kuma riƙa haɗa wa 'yan kasuwa shafin intanet. Su biyu ne suke nema. Ya ce kowace ta haɗo shafi da hannunta, ya sa musu rana, wadda nata ya fi ita zai ɗauka. Ban taɓa ganin yarinyar nan ta so abu kamar aikin nan ba. Ko tuwo take tuƙawa, bakinta na motsi tana lissafin abin da za ta sa a shafin.

Wata safiya ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Tsoho, gyara hularka. Yau za ka shiga duniya."

"Amarya, ni da nake shirin fita daga cikinta?"

"Ai shi ya sa nake sauri."

Ta ɗauke ni hoto, ta ɗauki kilishin a faranti, ta ɗauki shanya. Bayan 'yan kwanaki ta ce in zo in gani. Na sa babbar riga na bi ta har kafe.

Gaskiya aiki ya yi kyau. Ga ni nan a sama riƙe da wuƙa, na haɗe rai kamar alƙali. Ga kilishi ja wur har kana jin yaji a idonka. Ga bayani da Hausa da Turanci, yadda ake yi, da yadda za a same ni. Na daɗe ina kallo. Na kuma kasa kunne. Shiru.

Na ce, "To, sai yaushe zai fara?"

"Wa?"

"Kiɗan."

"Wane kiɗa kuma? Shafin kilishi ne, ba gidan biki ba."

Daidai nan wani saurayi a kwamfutar kusa da mu ya buɗe wani shafi mai furanni, sai ga wani ɗan kiɗa yana fita, tilin-tilin, kamar ana kaɗa cokali a kofin shayi. Na nuna shi da haɓa. Na ce, "Ga mai furanni ma an yi masa. Ni da na hau ƙaho za a kai ni gaban duniya shiru kamar an kawo gawa? Tun kakana, mahauci bai taɓa fita fili ba kalangu ba. Wanda ya buɗe ya gan ni haka zai ce ta'aziyya aka zo yi."

Ta ja kujera ta zaunar da ni, ta yi mini bayani a hankali kamar mai lallashin ɗan yaye. Ta ce abin da ake buɗe shafi da shi, burauza, ido gare shi amma ba shi da baki. In ana so ya yi sauti sai an ɗora masa wani ɗan ƙarin abu da ake kira fulogin. Wanda kwamfutarsa take da shi zai ji. Wanda ba shi da shi kuwa, wani akwati ne zai fito ya tambaye shi ko a sauko masa da shi, kuma da irin layin da kafen nan yake da shi, kafin ya sauko an yi aure an haihu. Ta ce ban da haka, mutane da yawa a ofis suke buɗe shafi, ba sa son abu ya fashe musu da ƙara ba su nema ba.

Na ce, "Wannan fulogin ɗin, in na fahimta, ɗan kiɗa ne da ake haya."

"Kusan haka."

"To a yi hayarsa."

"Tsoho, wannan jarrabawata ce fa."

A nan ne ya kamata mai hankali ya yi shiru. Ni kuwa sai na miƙe na kakkaɓe riga na ce in babu kalangu a cire hotona, a nemi wani mai kilishin. Na san lokaci ya ƙure mata, ba ta da halin sake sabon aiki. Ta dube ni ta ce, "Allah ya shirye ka, tsoho." Na ce amin, amma bayan an sa kiɗan.

Makaɗin gidanmu yana nan da ransa a Yakasai. Sa'ana ne. Ubansa ya yi wa ubana kiɗa, shi ya yi mini. Muka je da rakoda da sabon kaset, muka same shi a soro yana gyaran tsarkiyar wani tsohon kalangu da ba a kira shi ko'ina da shi ba tun an daɗe. Jikata ta ajiye rakodar a gabansa ta ce ya sa taken kakanta.

Ya dubi rakodar, ya dube ni. Ya ce, "Wa zan yi wa? Wannan akwatin?"

"Mutanen duniya za su ji."

"Suna ina?"

"Suna gidajensu."

"To in na yi, wa zai amsa? Wa zai sallame ni?"

Na ce masa wannan sabon zamani ne, ya bar tambaya. Ya gwada, hannun ya ƙi. Ya ce shi bai iya yi wa bango take ba, sai ya ga mai shi yana tahowa. Dole na fita har bakin lungu, na naɗe hannun riga, na taho ina taƙama kamar mai shiga fili, mata masu wucewa suna rufe baki. Ina sako ƙafa a soron sai kalangu ya ɗauka. Jama'a, tsufa bai taɓa hannun mutumin nan ba. Ƙaho biyu, hannu biyu, wa zai saki? Sai da na ji gashin jikina ya tashi. Na yi kirari, na cusa masa abin da ya samu a aljihu, ya sauke. Jikata ta danne rakoda ta ce ya isa.

Da za mu tafi ya riƙe mini hannu ya ce, "Take ba abin wasa ba ne. Kada ka bar shi yana yawo ba mai tsayar da shi." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai muna da difloma a gida.

Kashegari a kafe ta haɗa rakodar da kwamfuta da wata 'yar waya, ta juye kiɗan, ta yanke kirarina da kukan wata akuya da ta sa baki, ta bar tsantsar taken. Ta sauko da fulogin a kwamfutar da take aiki a kai, muna zaune har na yi gyangyaɗi na farka. Sannan ta buɗe wani farin allo mai cike da ƙananan rubutu kamar sawun kaji, ta ce a nan ake gaya wa ɗan kiɗan yadda zai yi. Ta ce tambaya uku za ta yi mini, in yi tunani kafin in amsa.

"Ya fara da kansa da an buɗe shafi, ko sai an danna?"

"Kin taɓa ganin makaɗin da yake neman izini? Da kansa."

"Sau ɗaya zai yi, ko ya yi ta maimaitawa?"

"Ya yi ta yi har sai an sallame shi."

"Tsoho, ba ya karɓar sallama. Ba ya gani, ba ya ji."

"Kowane makaɗi yana karɓar sallama. Ke dai yarinya ce."

Ta numfasa. Ta ce ta ukun ita ce babba. Akwai wata 'yar sanda mai maɓallai da take fitowa a shafi, inda mutum zai danna ya tsayar da kiɗan ko ya rage shi. A bar ta a fili, ko a ɓoye? Ta nuna mini. Sai na ga abar ta zauna daidai ƙarƙashin gemuna, toka-toka, kamar an sa mini takunkumi. Na ce a ɓoye ta. Ta ce ko a mayar da ita ƙasa. Na ce wanda ya zo wurina ba zai zo da niyyar kashe mini kiɗa ba, a ɓoye. Ta rubuta, tana girgiza kai. Ta ce to ita dai ranar jarrabawa za ta nuna wa Alhajin a wannan kwamfutar kaɗai, ta rage sautin, ta yi masa bayani. Na ce madalla. A raina kuwa na ce za mu gani.

Don ni a ganina yarinyar ba ta san talla ba. Abin alfahari irin wannan a nuna shi a lungu, murya ƙasa-ƙasa? Ranar da aka sa, Alhajin zai zo bayan azahar. Ni kuwa tun da hantsi na tattaro abokaina na kwata, tsofaffin mahaya ƙaho irina, waɗanda suka rage. Kowa ya sha rawani ko doguwar hula, muka ɗauki kilishi ƙunshi-ƙunshi muka nufi Ƙofar Na'isa. Niyyata kyakkyawa ce, Allah ya sani. So nake in Alhaji ya shigo ya tarar duk ɗakin aikin jikata ake kallo.

Adireshin shafin na riga na haddace shi kamar karatun allo. Na bi masu zaune ɗaya bayan ɗaya, in ajiye wa mutum ƙunshin kilishi in ce, "Ɗana, taimaki tsoho, buɗe mini wannan." Ba wanda ya ƙi. Kilishi bai taɓa neman alfarma an hana shi ba. Da shafin ya buɗe sai akwatin tambayar nan ya fito, ni kuma ina tsaye a kan mutum ina cewa, "Ce masa eh. Ce masa eh." Mai kula da ɗakin ya ɗago kai zai yi magana, na toshe masa baki da ƙunshi biyu.

Abin da ban sani ba, duk kwamfutocin nan rijiya ɗaya suke ja. Da kowace ta kama sauko da ɗan kiɗanta sai layin ya tsaya cik. Wani malami da yake aika wa ƙaninsa saƙo ƙasar waje ya fara salati. Wata ɗaliba ta ce takardarta ta maƙale a hanya. Na ce su yi haƙuri, alheri na tafe.

Ya kuwa zo. Ta can ƙurya ce ta fara. Ƙaho biyu, hannu biyu. Abokaina suka gyara tsayuwa. Kafin ta kai ƙarshe ta kusa da ƙofa ta ɗauka, sai ta tsakiya, sai ta bayana. Kowace da lokacin da ta fara, babu mai jiran wata, kamar an tara makaɗan da suka yi faɗa da juna aka ce kowa ya nuna kansa. Kuma Alhajin mutum ne mai son ƙawa, kowace kwamfuta ya saya mata sifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

Wani yaro mai gilashi ya miƙa hannu zai murɗe sautin. Babba a cikinmu, wani ƙato da bijimi ya taɓa tsaga wa gira, ya daka masa tsawa: "Kai! Ba a katse take!" Yaron ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Daga nan ba wanda ya sake motsi.

Suka juyo gare ni. "To, amsa mana."

Na gyara murya na yi kirari. Sai ni na gaban sa, wanda bijimi ya gani ya tuna uwarsa! Na zaro kuɗi na liƙa wa kwamfutar da ta fi kusa a goshi. Takardar ta zame ta faɗi. Kiɗa bai tsaya ba.

Mai tsagaggiyar gira ya ce, "Bai gamsu ba."

Na ƙara kirari, na ƙara liƙi. Wa zai saki? Wa zai saki? Ta ko'ina tambayar take fitowa, gaba da baya.

Wani ya ce, "Yau kuma makaɗi ya raina ka a gaban yara."

Wanda bai taɓa tsuma ba ba zai gane ba. Ba shawara ake yi da kai ba. Ƙafafuna suka fara rawa, kunnena ya toshe, ɗakin ya koma fili, na ji ƙurar kwata a hancina. Na duba gabana sai ga wani abu fari mai ƙaton ciki da faɗin goshi, ƙaho ɗaya dama ɗaya hagu, yana tambayata wa zai saki. Na cire hula na ba na kusa da ni. Na yi kukan kura na faɗa masa.

Allon kwamfutar wancan zamani ba irin na yanzu ba ne sirara kamar faranti. Nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. Ya taho gaba ɗaya da wayoyinsa, ni kuma na tafi da baya na zauna daɓas a ƙasa, shi a ƙirjina, sifika ɗaya a kowane hannu. Abin da zan faɗa don kare kaina shi ne bai fashe ba, kuma ban saki ba. Abokaina suka ɗauki sowa.

A haka Alhaji ya shigo ya same mu. Jikata tana bayansa, ta sha sabon mayafi, ta rungume fayil ɗinta.

Ta ajiye fayil ɗin. Ta bi kwamfutocin nan ɗaya bayan ɗaya tana rufe shafin, makaɗan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka da numfashina. Ashe sallamar ke nan, ɗan danni ɗaya a kusurwa.

Alhajin yaro ne mai tarbiyya. Ya durƙusa ya ɗauke mini allon daga ƙirji ya ce, "Baba, ba ka ji ciwo ba?" Na ce ai ni sai dai a tambayi bijimin. Bai yi dariya ba. Ya dubi masu neman a biya su lokacinsu da ya ƙone, ya dubi wayoyin da suka tsinke, sannan ya dubi jikata.

"Malama, shafin ke nan?"

"Shi ne, Alhaji."

"To. Je ki gida tukuna."

Na ɗauka za ta yi mini faɗa a hanya, ko ta yi kuka. Da ta yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Abin da ta yi ya fi duka ciwo. Kashegari da safe ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Barka da asuba, Alhaji. An tashi lafiya?"

Na waiga in ga wane Alhajin ne ya shigo. Na ce, "Amarya, ni ne fa."

"Allah ya ƙara girma," in ji ta, ta tashi ta tafi.

Haka aka yi ta yi. Ta kawo mini abinci ta ajiye da hannu biyu. Na yi tari da gangan, ta ce sannu. Na sa wata hula da na san ta tsane ta, na wuce ta gabanta har sau biyu, ta ce Allah ya sa albarka. Jama'a, an zage ni a kasuwa, sa ya taka ni, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini zafi kamar ladabin yarinyar nan ba. Na kai ƙara wurin Hajiya. Ta ce, "Girma kake nema a duniya, ga shi nan an fara ba ka daga gida. Sai ka ci."

Na je wurin makaɗina ko zai tausaya mini. Da ya ji labari sai da ya kwanta don dariya. Ya share hawaye ya ce, "Ashe ina nan ina barcin rana hannuna yana can yana kayar da kai. Na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

Daga can ban koma gida ba. Na wuce Ƙofar Na'isa ni kaɗai, ba rawani, ba 'yan rakiya. Na samu Alhajin a ɗan ofishinsa. Ya miƙe zai ba ni kujera, na ce ya zauna, yau ni ne mai tsayuwa. Na gaya masa komai. Na ce yarinyar ta yi mini tambaya uku, duk ta nuna mini amsar da ta dace, ni kuma na zaɓi ta banza sau uku a jere. Na ce taron nan ma ba ta san da shi ba. In hukunci ne a yi mini, kada a yi mata.

Ya juya makullin motarsa a hannu. Ya ce, "Baba, shafinta ya fi ɗayan, wannan ba shakka. Abin da ya tsaya mini, aikin nan da 'yan kasuwa za ta yi shi, kuma kowane ɗan kasuwa da irin kalangunsa a ka. In ba ta iya ce musu a'a ba, kullum sai an kayar mini da kwamfuta."

Na ce, "Alhaji, su ba kakanninta ba ne. Ni ma don ta raga mini ne. Gwada ta ka gani."

Ya ce to ta zo gobe, ni ma in zo. Ta gyara shafin a gabansa, ina zaune, ya ga yadda za mu ƙare.

Muka je. Ta buɗe farin allon nan mai sawun kaji. Wannan karon ba ta tambaye ni komai ba. Ta hana kiɗan farawa da kansa. Ta mayar da shi sau ɗaya. Ta fito da 'yar sandar maɓallan fili, ta sa ta can ƙasa, ta rubuta a gefenta cewa mai son jin kalangun mahauta ya danna nan, wanda kuma kwamfutarsa ba ta da fulogin ba abin da zai dame shi da tambaya sai in shi ya nema.

Na yi niyyar yin shiru, wallahi na yi. Amma da na ga ƙanƙantar abin sai bakina ya kuɓuce. Na ce, "Ko dai a ɗan ƙara masa girma, a matso da shi sama kusa da..."

"A'a," in ji ta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce ta fara ranar Asabar.

Muka fito muka kamo hanyar gida ta cikin lunguna, tana gaba ina biye. Har yanzu ba ta ce mini tsoho ba, ni kuma shirun ya ishe ni. Na fara magana ni kaɗai, da ƙarfi yadda za ta ji. Na ce in aka duba da kyau, ai ni na samo mata aikin nan. Wa ya san da wata mai difloma kafin ranar? Yanzu kuwa daga Ƙofar Na'isa har Yakasai ba gidan da ba a san shafinta ba. Na ce talla iyawa ne, ba a koyar da shi a makaranta. Na ce ita ɗayar yarinyar da ta rasa, abin da ya cuce ta ba ta da kaka mai hawan ƙaho. Na ce nan gaba in ta buɗe nata kafen sai ta rataya hotona a bakin ƙofa. Na kawo tarihin bijimin da na kayar shekarar da aka yi babban ruwa, na fara daga launinsa.

A bakin ƙofar gida ta tsaya, ta juyo, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

Ta ce, "Tsoho, kalangun dai na samo masa maɓallin kashewa. Naka ne har yanzu nake nema."